Amsoshin Tambayoyinku: Shin Aikin Asibiti Yana Kashe Tausayi?

TAMBAYA

 Ni malamin firamare ne, ina kuma taɓa noma a ƙaramar hukumar Shanono. Maiɗakina ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti na yankinmu. A da, idan yaro ya rasu a hannunta, sai ta dawo gida ta kasa cin tuwo, washegari ta bi mata gidan gaisuwa. Tun shekarar korona ta canza, da aka shiga annobar mashaƙo kuwa abin ya ƙaru. Yanzu sai ta ce mini "yau mun rasa yaro", fuskarta ko motsi. Barci ya yi mata ƙaranci, abu kaɗan sai faɗa, ta daina zuwa suna da biki. Har ƙorafi ya zo kunnena cewa tana yi wa mata tsawa ranar awo. Mahaifiyata ta ce a nemi taimako, ƙila jinnu ne ko sammu. Abokaina kuma sun ce dama aikin asibiti yana cire wa mutum imani. Ni dai ina tunanin in sa ta ajiye aikin. Mene ne gaskiyar wannan lamari?

Daga wani mai karatu, Shanono, Jihar Kano.

AMSA

Malam, Allah ya saka da alheri da ka tsaya tambaya kafin ka yanke hukunci, domin gidaje da dama sun girgiza a kan irin wannan ba tare da kowa ya gane abin da ke faruwa ba.

A taƙaice, tausayin maiɗakinka bai mutu ba, gajiya ya yi. Hujjata tana cikin wasiƙarka. Matar da a da take kasa cin abinci saboda ɗan wani ya rasu, ita ce irin wadda wannan larura ta fi kamawa. Wanda tun farko bai damu da majinyaci ba, babu abin da zai ƙare masa.

Masana sun daɗe da sanin abin. A 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Herbert Freudenberger, wanda yake aikin sa-kai a wani asibitin kyauta a birnin Niyok na Amurka, ya rubuta yadda abokan aikinsa mafiya himma suke dusashewa a hankali har su zama kamar ba su ba. Christina Maslach ta zurfafa binciken, ta fito da ma'aunin da ake amfani da shi tun 1981. A 2019, watanni kaɗan kafin ɓullar korona, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace wannan yanayi a kundinta, ta ce matsin aiki ne ke haifar da shi idan ya daɗe ba a magance ba, ta kuma ba shi alamomi uku: ƙarewar ƙarfi, janye zuciya daga aikin har mutum ya riƙa jin haushinsa, da jin cewa duk ƙoƙarin da yake yi ba ya tsinana komai. Wannan yana iya samun malamin makaranta irinka, ko direba, ko ɗan jarida.

Akwai kuma larura ta biyu wadda ta keɓanta da masu kula da mutanen da ke cikin wahala, wato gajiyar tausayi. Carla Joinson ta yi rubutu a kanta a 1992 game da ma'aikatan jinya, Charles Figley kuma ya fitar da littafi a kai a 1995. Yadda take aiki shi ne: duk lokacin da mutum ya tsaya kan mai ciwo, jikinsa yana ɗaukar wani kaso na tashin hankalin, zuciya ta buga, hankali ya tashi. Idan an samu sarari, sai jiki ya sauka, mutum ya yi kuka ko ya yi barci, ya wartsake. Idan kuwa wani majinyacin na kwance kafin a fitar da na farko, kuma haka ake yi wata da watanni, sai ƙwaƙwalwa ta rage jin abin gaba ɗaya don mai ita ya iya ci gaba da tsayuwa. Ka san rijiya da rani: idan guga na shiga dare da rana ba a bar ta ta tara ba, laka za a riƙa jawowa, alhali idon ruwan yana nan. Matsalar ita ce ƙwaƙwalwa ba ta iya zaɓe. Idan ta rage jin zafin mutuwar yaro a asibiti, tana rage jin daɗin suna da biki, da dariyar 'ya'yanta a gida. Shi ya sa ka ga canjin ya biyo ta har ɗaki.

Yanzu mu tuna abin da ya wuce ta kanta, don mutane suna saurin mantawa. An tabbatar da korona a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, a jikin wani ɗan Italiya a Legas. A farkon Afrilu cutar ta kashe Dokta Aliyu Yakubu a Daura, wato mutum na farko da aka tabbatar da ita a jikinsa a Jihar Katsina likita ne. Kano ta samu nata ranar 11 ga Afrilu. Kafin watan ya ƙare masu haƙa kabari a birni sun fara cewa gawarwaki sun fi ƙarfinsu, aka rufe ɗakin gwaji na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano na wani lokaci, Shugaba Buhari ya ƙaƙaba wa jihar dokar kulle ranar 27 ga Afrilu. Kullen kuwa ya zo cikin azumi, cikin zafin bazara. A farkon Mayu ƙungiyar likitoci reshen Kano ta ce likitoci fiye da 30 sun kamu. A farkon Yuni shugaban hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa (NCDC), Dokta Chikwe Ihekweazu, ya ce ma'aikatan lafiya 812 ne suka kamu a faɗin ƙasa. A watan ne kuma Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya bayyana cewa an ƙirga mace-mace 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birnin Kano, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama suna da alaƙa da korona. A duniya baki ɗaya, Hukumar Lafiya ta ƙiyasta cewa ma'aikatan lafiya tsakanin 80,000 da 180,000 ne suka rasu daga Janairun 2020 zuwa Mayun 2021.

Za ka ce ai wannan labarin birni ne, cibiyoyin killace masu cutar suna Kwanar Dawaki da filin wasa na Sani Abacha, ina ruwan Shanono? A ganina nauyin ma'aikaciyar karkara ta wani ɓangaren ya fi na ta birni. Ita ba ta da wurin gwaji. Duk mai tari da zazzaɓi da ya shigo, ba ta san abin da yake ɗauke da shi ba, ga takunkumin fuska da safar hannu sun yi wuya a lokacin. Da yamma ta dawo gida, ƙaramin yaro ya rugo zai rungume ta, ita kuma tana tunanin abin da ke jikin hijabinta. Ga kuma baki. A majalisu ana cewa korona ƙarya ce, hanyar cin kuɗi ce, kuma wanda ake iya gani a nuna da yatsa shi ne malamin asibitin gari, ba manyan Abuja ba. Da rigakafin ya iso a Maris na 2021, su ɗin aka tura su lallashi jama'a. Ma'aikatan lafiyar Kano kuwa sun san inda zargi kan kai: ba su manta da watan Fabrairun 2013 ba, lokacin da aka harbe masu aikin rigakafin shan-inna tara a cikin birni.

Abu mafi nauyi shi ne ta san kowa. Likitan babban asibiti yana rasa majinyaci wanda bai taɓa gani ba, ba kuma zai sake ganin danginsa ba. Ma'aikaciya a garuruwanku irin Kokiya ko Faruruwa ko Alajawa, yaron da ya cika a hannunta ita ta karɓi haihuwarsa, ta ci tuwon sunansa, gobe kuma za ta haɗu da uwarsa a bakin famfo.

Sa'annan ba a ba su hutu ba. A 2021 kwalara ta mamaye ƙasar, mutum fiye da 100,000 aka yi zargin sun kamu, fiye da 3,500 suka rasu, Kano na cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓulla, kuma mafi yawan waɗanda suka kamu a ƙasar 'yan Kano ne, akasarinsu yaran da ba a yi wa rigakafi ba. Ranar 5 ga Mayu, 2023, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama barazanar gaggawa, ma'aikatan Kano suna tsakiyar wata annobar.

Ka ce abin ya ƙaru lokacin mashaƙo, kuma ban yi mamaki ba. Dubi yadda ranar irin wannan take. An kawo yaro ɗan shekara shida bayan ya yi kwanaki a gida ana ba shi jiƙo, wuya ya kumbura, numfashi na fita da ƙara. Ta haska maƙogwaro da fitilar waya, ta ga farin abin nan ya shimfiɗe, ta san ko mene ne. Ta kuma san cewa allurar da ke karya dafin cutar ba ta cikin kabad ɗinta, sai an kai shi cibiyar da aka ware a birni. Ta rubuta takarda. Uban ya karɓa, ya juya ta, ya ce, "Malama, wallahi ko kuɗin mota babu, sai dai in an ci kasuwa." Ta zaro abin da ke cikin jakarta ta ba shi, idan akwai. Kwana biyu sai ta ji an yi jana'iza. Wannan ya fi gajiyar tsayuwa ciwo: mutum ya san abin da ya kamata a yi, ya koya a makaranta, amma hannunsa babu komai. Idan hakan ya maimaitu sau da yawa, sai ya fara zargin kansa, daga nan ya fara jin haushin iyayen da suka makara, daga nan ya daina barin kansa ya ji komai.

Duk wannan kuwa a kan aikin yau da kullum ne: ranar awo, rigakafin yara, zazzaɓin damina, rabon maganin maleriya gida-gida, cika takardun rahoto na ƙarshen wata, da haihuwar dare da ake karɓa da tocila. Hannun da za su raba nauyin kuma raguwa suke yi. A 2024 Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya ce kimanin likitoci 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara biyar, hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma kuma ta ce fiye da 42,000 daga cikin nata sun fita cikin shekara uku. Sau da yawa gurbin da ya buɗe a birni, daga ƙauye ake jawo mai cike shi. Alawus ɗin haɗari da gwamnatin tarayya take biyan ma'aikatanta lokacin da korona ta shigo naira 5,000 ne a wata, yana cikin dalilan da suka sa likitoci masu neman ƙwarewa suka tafi yajin aiki a Yunin 2020. A asibitocin karkara kuwa akwai 'yan sa-kai masu takardar shaida da suke shekara da shekaru suna aiki ba su cikin jerin masu albashi. Abin yana damuna ƙwarai, domin waɗannan mutane ne suka bi gida-gida har aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali ranar 25 ga Agusta, 2020.

Game da maganar Hajiya mahaifiyarka, ka saurare ta da ladabi, damuwa ce ta sa ta faɗa. Addu'a da karatun Alƙur'ani da azkar ba su da abokin gaba, kuma suna sanyaya zuciya, a yi su. Abin da nake jan kunnenka a kai shi ne kada a ɗauki mace mai fama da gajiya a zaunar da ita gaban mai hayaƙi ana tsawa ana duka, ko a fara nuna wata maƙwabciya ko 'yar'uwa da zargin sammu. Alamomin da ka lissafa suna da sanadi a fili, sun kuma fara a lokacin da kai da kanka ka ambata. Su kuma abokanka, maganar cire imani babbar magana ce, kada ka bari ta kai kunnenta. Mace ce da ta riga ta cika da zargin kanta.

Tsawar ranar awo kuwa, ba zan wanke ta ba. Matar da ta taho da tsohon ciki a kan babur daga ƙauye, ta zauna kan benci tun hantsi, ba ta cancanci a daka mata tsawa ba. Idan aka wulaƙanta ta sau ɗaya, ba za ta dawo ba, za ta haihu a gida, wani lokaci da ranta za ta biya. Na tabbata maiɗakinka ta fi ni sanin haka, kuma yana cikin abin da ke hana ta barci. Sai dai faɗa ba ya gyara wannan. Samun sauƙinta ne zai dawo wa matan da fuskar da suka sani.

To me za ka yi? Fara da ƙofar gidanka. A karkara gidan malamar asibiti shi ne asibiti na biyu: bayan isha'i a yi sallama a zo allura, da asuba a zo cire ƙarin ruwa, ranar hutu a zo nuna ƙurji. Ita ba za ta iya cewa a'a ba, kunya da zumunci ba za su bar ta ba. Kai za ka iya. Ka tsaya a zaure ka tace: naƙuda, zubar jini, yaro mai jijjiga ko mai wahalar numfashi, waɗannan a tashe ta ko ƙarfe nawa ne. Ciwon kai da ciwon jiki na kwana uku su jira safiya a asibiti. Za a yi maka surutu na ɗan lokaci, ka jure. Idan ta kwana a bakin aiki, a samu wanda zai ɗauke mata girki da yara ta yi barci na sosai, ba gyangyaɗi ba. Barci shi ne magani na farko, kuma babu wanda zai iya samar mata da shi in ba kai ba.

Sai saurare. Idan ta ce "yau mun rasa yaro", kada ka ce "ke ko a jikinki", kada kuma ka rufe zancen da "sai haƙuri" ka tashi. Ka zauna, ka ce, "Ɗan wa ne? Yaya aka yi?" Wataƙila ranar farko ta ce babu komai. Wata rana za ta fara magana, ƙila ta fashe da kuka a kan yaron da ya rasu shekara biyu da suka wuce. Kada ka tsorata, kada ka hana ta. Haka nan ka ƙarfafa mata gwiwa ta riƙa zama da abokan aikinta suna tattauna abin da ya same su, domin akwai abin da sai wanda ya tsaya a wurin yake ganewa. Ta kuma nemi hutunta na shekara a rubuce, ta hannun shugaban asibitin zuwa sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Haƙƙinta ne. Da yawa ba sa nema don suna ganin babu wanda zai riƙe wurin, amma nemo mai riƙewa aikin hukuma ne. Addini ma ya san jiki yana da haƙƙi a kan mai shi, labarin Salmanul Farisi da Abud Darda'i sananne ne a kan haka.

Ta je a duba ta, kuma wani ya duba ta, ba ita da kanta ba. Ƙarancin jini, hawan jini, ciwon suga da matsalar maƙoƙo duk suna kawo kasala da saurin fushi, ana iya fara gwajinsu a babban asibitin Gwarzo ko Bichi. Akwai kuma alamomin da idan ka gan su, zancen ya wuce gajiya ya shiga ciwon damuwa: baƙin ciki ko rashin sha'awar komai kullum har fiye da mako biyu, rama, mugayen mafarkai a kan majinyata, yawan cewa ba ta da amfani ko gara ta mutu, ko shan ƙwayar barci da maganin kashe zafi ba bisa ƙa'ida ba. Wannan na ƙarshen ka sa ido sosai, domin magani yana kusa da hannunta. Idan ka ga ɗaya daga ciki, ku tafi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano ko asibitin Dawanau, kada sunan wurin ya hana ku. Maganar mutuwa kuwa ba a jira da ita ko kwana ɗaya, kuma ba a barin mai yin ta shi kaɗai. Dokta Lorna Breen, shugabar sashen gaggawa a wani asibitin Niyok, ta kashe kanta ranar 26 ga Afrilu, 2020, bayan makonni tana fama da masu korona. Danginta sun ce tsoronta shi ne neman taimako zai ɓata mata aiki. A 2022 Amurka ta yi doka da sunanta don kula da lafiyar ƙwaƙwalwar ma'aikatan lafiya. Mu ma muna da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958.

Batun ajiye aiki, shawarata kada ka yi shi yanzu, kada kuma ka yanke shi kai kaɗai. Mutum a tsakiyar gajiya ba ya ganin hanya sosai, kuma raba ta da aikin da ta sha wahalar koyo, da albashinta, da abokan aikinta, yana iya ƙara mata ciwo. A fara da hutu da magani da rage nauyi. Idan hali ya yi, ta nemi a sauya mata ɓangare na ɗan lokaci, a ɗauke ta daga aikin dare. Bayan wata biyu ko uku ku zauna ka tambaye ta abin da take so. Idan ta ce ta gaji har zuciya, to ta ajiye, babu abin kunya. Da yawa dai idan suka samu numfashi aikinsu suke komawa.

Kai malami ne, ana jin maganarka. Ka kai zancen gaban kwamitin ci-gaban mazaɓarku da dagaci da limamin Juma'a. A rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma da Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Jihar Kano, a faɗi adadin ma'aikatan asibitinku da adadin mutanen da suke gani a wata, a nemi ƙarin hannu, a nemi a ɗauki 'yan sa-kai aiki. Gari ya tanadi asusun mota don yaron da aka tura birni. Liman ya ja hankalin iyaye su kai yara rigakafi, su kuma daina jinkiri da mara lafiya a gida. Allah ya ba Malama lafiya, ya saka mata da alheri. Ka gaishe mana da ita, kuma ka sake rubuto mana mu ji yadda jikin ya yi.